Farin zaren da na ɗinka laimar birki da shi

Inna Sahura, ki taimake ni da shawara cikin gaggawa, don saura kwana tara kuma kaina ya ƙulle.

Ni tela ne a Dogon Dutsi, amma ba na riguna ba. Tamfol na manyan motoci nake ɗinkawa, da rumfunan biki, shekara goma sha huɗu ke nan. Wataƙila kin ji labarin motar da ake haɗawa a garinmu, mai injin jet irin na jirgin sama. Mu goma sha ɗaya ne a kanta, ba mai biyan kowa, sai mutum ya tashi daga sana'arsa sannan ya zo gareji. Akwai masu walda, akwai malamin lekol, wato makarantar boko, da ke yi mana lissafi, akwai ɗan kasuwar da ke kawo kananzir. Shekara uku muna abu ɗaya. Burinmu mu kafa tarihin gudu a ƙasa irin wanda ba a taɓa yi ba a yankinmu, kuma ranar Asabar ta sama za a yi gwajin farko a wani fako da ke hanyar Sukukutane.

Shugaban aikin surukina ne, mahaifin matata, tsohon makanike. Ba zan kama sunansa ba, kin san dalili. Wanda zai tuƙa motar kuma ɗansa ne, ƙanin matata, bari in kira shi Abdulhakim.

Ni aikina laimar birki. Fakon kilomita huɗu ne, ƙarshensa kwazazzabo. Malamin lissafi ya ce in motar ta haura gudun kilomita ɗari biyu, birkin taya ba zai tsinana komai ba a kan irin wannan ƙasa, sai laimar da za ta buɗe a baya ta riƙe iska. Madauri takwas ne suka haɗa ta da motar. Surukina ya sa aka kawo zare na musamman daga Yamai, fari, wanda in ka ja shi da ƙarfi sai ya yanke ka a yatsa. Ina kan madauri na bakwai zaren ya ƙare. Inna, sai na yi abin da hannuna ya saba. Na jawo durowa, na ɗauko wani farin zare, na fita da su rana na kara, na ga launi ya zo ɗaya, na ci gaba da taka keke. Mu teloli launi muke dubawa. Wallahi har daɗi na ji da ba a gane inda na haɗa.

Surukina yana da wata ƙa'ida. Duk wanda ya gama sashensa, sai ya ɗora hannu a kai gaban kowa ya ce ya gama, ya lamunce, sannan a rubuta sunansa da fenti a jikin motar. Na ɗora hannu, na faɗa. Mutum uku suka naɗe laimar, aka cusa ta a bututunta, surukina da kansa ya ɗaure bakin da waya ya ce ba mai sake taɓawa sai ranar gwaji. Ran nan ne, karo na farko tun da na auri 'yarsa, ya dube ni ya ce Allah ya yi mini albarka.

Makon jiya wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya dawo mini da tamfol ɗinsa, ɗinkin gefe ya buɗe tun daga sama har ƙasa a hanyar Birnin Ƙonni. Ba abin da ya taɓa shi sai iska. Ina dubawa na gane zaren, na wannan ƙullin ne da na ƙarasa madauri biyun da shi. Direba yana ta faɗa, ni kuwa hankalina yana kan laimar, don motarsa ko tamanin ba ta kaiwa.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na fara da Abdulhakim, na ja shi gefe na gaya masa. To kin san ƙanin mata abokin wasa ne, shekara takwas ba mu taɓa yin magana mai kai ba. Ya kwashe da dariya, ya ce tela yana so ya tsorata shi ya gaje kujerar, har ya ba sauran labari a matsayin raha, suka taya shi. Ni ma don kunya sai na yi yaƙe. Surukina kuwa, tsakanina da shi gaisuwa ce a durƙushe. Ko a gareji, in ina da magana sai in gaya wa babban mai waldarmu ya isar. Sau biyu na je zaurensa da niyyar faɗa, na cire takalmi, na gaishe shi, na tambayi gajiya, na tashi na fito.

Ga kuma lokaci. An ce an yi yayyafi a Dumega. In ruwa ya sauka sosai fakon ya zama laka sai baɗi, kuma izinin da aka ba mu na rana ɗaya ne. Masu na'urar auna gudu sun riga sun sa ranar tasowa. In na buɗe baki aka ɗaga, ni na zubar da wahalar mutum goma, kuma dattijon nan ƙafarsa ta fara ba shi matsala, ban san ko zai iya wata shekarar ba. Wani lokaci ina ce wa kaina ai madauri shida lafiya suke, ƙila su riƙe. Na ma yi tunanin in kwance wayar a ɓoye in gyara, amma ban iya naɗin ni kaɗai ba. Matata tana ta shirin abincin da za ta kai fako, tana alfahari da mu biyu. Tsoro nake ji, Inna. In faɗa ta yaya? Ko in yi shiru in dage da addu'a?

Tela mai tamfol, Dogon Dutsi

*

Ɗana tela,

Addu'a kam ka yi ta, amma shiru babu shi a cikin zaɓinka. Ni ban san injin jet ba, amma na san abin da ka gani da idonka: iskar kamyo ta farka zaren nan. Kai ba ka yarda madauri shida za su riƙe ba, da ka yarda da ba ka rubuto mini ba. In ma za su riƙe, mai lissafinku ne zai faɗa, kuma ba zai iya lissafa abin da aka ɓoye masa ba.

Ban raina abin da kake jin tsoro ba. Shekara uku ba wasa ba ce, kuma albarkar da surukinka ya sa maka na ga yadda ta zauna maka a rai. Zai yi fushi, ƙila a gaban jama'a, ƙila a kankare sunanka daga jikin motar. Kuskuren kansa na hannu ne, kowane tela zai iya yin sa, ban ɗora maka laifi babba a kai ba. Amma tun ranar da direban nan ya shimfiɗa maka tamfol, abin ya tashi daga kuskure. Kowace rana da ka ƙara, da saninka ka ƙara ta.

Kunyar suruki an yi ta ne don girmama shi, kuma ba girmamawa ba ce ka bar shi ya saka ɗansa a motar da ka san birkinta da rauni. Tunda bakinka yana mutuwa a zaure, kada ka dogara da baki. Ɗauki tamfol ɗin da ya yage da ragowar ƙullin zaren, ka kira babban mai waldarku da ya saba isar maka da magana, ku je tare da safe. Ka ajiye su a gaban dattijon, ka ce madauri na bakwai da na takwas da wannan ka ɗinka. Makanike ne, zai ja zaren sau ɗaya ya gane. Abdulhakim ya kasance a wurin, don a gaban mahaifinsa ba zai mayar da kai abokin wasa ba. Matarka ma ka gaya mata da kanka kafin ta ji a bakin maƙwabta. Batun kwance waya a ɓoye kuwa ka manta da shi, laima mai mugun naɗi ba ta fi mai mugun zare ba.

Kuma ka daina yi wa aikin jana'iza tun bai mutu ba. Mota tana zuwa Yamai kullum, zare zai iya isowa cikin kwana biyu, ɗinkin madauri biyu kuma ba zai ci maka yini ba. Yau gyara ne, in ka kai jajibiri ya zama ɗagawa. In ma aka ɗaga, fakon yana nan baɗi.

Abu na ƙarshe. Ka ɓoye sunanka, amma duk Arewa mota nawa ce mai injin jirgi, kuma tela nawa ne a cikin masu haɗa ta? Na tura maka amsar nan ta wayarka yau Juma'a. Jarida za ta fito Talata, kuma ba zan cire wasiƙarka ba, don akwai ran mutum a ciki. Ka riga ta isa wurin surukinka.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sassauta fushin dattijo, ya sa Abdulhakim ya fito daga motar nan da ƙafafunsa.

Inna Sahura