Ragwaye Bakwai a Gindin Dabino

Zuwa ga Yaya Yamina,

Bayan sallama, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara, musamman mai faffaɗan kunnen nan da ya gado ni. Inna tana gaishe ki. Gwiwarta da sauƙi tunda ana samun magani, kin kuwa san da tallafin marasa aiki da nake karɓa ake saye.

To, tallafin nan ya raba garinmu Timimun gida biyu. Manya suna gardamarsa a talabijin, mu muna tamu a wurin mai shayi. Kullum sai Baffa Tayyib, mai gonar dabinon bayan masallaci, ya buga sanda ya ce gwamnati ta sangarta mu, a yanke kuɗin, ragwaye su koma aiki. Lahdar wanzami kuma ya ce, "Alhaji, ina aikin yake? A aljihunka ka ɓoye?" Abin dariya, mu ragwayen ne muke hau masa dabino duk shekara, ya sallame mu da kwandon busasshe, don ya san muna da na gwamnati.

Saboda haka na shirya masa tsiya. Hudar dabinonsa ta fara tsagewa, kin san in ba a hau an ɗaura mata furen dabino namiji cikin 'yan kwanaki ba, amfanin bana ya tafi. Gobe mu bakwai za mu shimfiɗa tabarma a gindin bishiyoyinsa, mu nuna masa ragwanci na gaske. Kar Inna ta ji.

Ƙaninki,
Jallul

Zuwa ga Yaya Yamina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan zazzaɓin 'yarki ya sauka.

Tsiyar tawa ba ta yi daɗi ba. Baffa ya zo ya same mu kwance, shayi yana tafasa. Na ce, "Baffa, bismillah, ragwaye sun dafa." Ya cusa furen a gaban rigarsa, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya kama bishiya, tsohon da ya haura saba'in. Muna ta dariya har ya kai rabi. Can na ga ya kasa gaba ya kasa baya. Ban san lokacin da na hau ba.

Da na sauko da shi, ya zauna yana haki. Ya ce tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake hawa wa mutane, ba wanda ya taɓa rubuta sunansa ko ya ba shi wani abu ranar da ba aiki. Sai na rasa wanda ya cuci wani.

Jiya ya zo gida da takarda: aiki a rubuce, har zuwa yankan dabino. In na sa hannu tallafi ya tsaya, kuma ba a sake ba wanda ya taɓa samun aiki. Na daɗe ina duban kwalin maganin Inna. Na sa hannu, Yaya.

Yanzu a wurin shayi Baffa yana cewa ga shi, rago ya koma aiki. Lahdar yana cewa ga shi, dama aikin ne babu. Kowa ya ci gardama. Ba wanda ya tambaya da me za a sayi magani in an gama yanka, sanyi ya shigo.

Ki tambayar mini maigidanki ko a can garinku Wahran ana neman mai hawa wani abu bayan kaka, ko da turken fitila ne.

Ƙaninki mai aiki,
Jallul