Bijilanti a bakin ƙofa

Ƙanwata,

Autata ta haihu, mace, lafiya lau! Afuwa, ko gaisuwa ban yi ba. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki?

Saura ƙiris murnar ta zama makoki. Jiya aka sallame su daga asibiti. Ƙofar layinmu a kulle take, domin tun da aka sace wani jariri a watan jiya unguwa ta ɗauki sabbin masu tsaro. Direba ya ce zai zagaya ta ɗaya ƙofar da maijego. Ni kuwa zumuɗi ya hana ni zama, na karɓi jaririya na bi ta ƙaramar ƙofa a ƙafa.

Samari huɗu suka tare ni, ba wanda ya san ni. Tsoho da ɗanyen jariri, ba uwa! Babbansu ya ce, "Baba, ina ka samo?" Wata daga nesa ta yi ihun ɓarawo. Kafin in buɗe baki mutane sun kewaye ni, na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Wallahi ba kaina na ji wa tsoro ba. Kan jaririyar ko tafin hannuna bai cika ba.

A rigarsu an rubuta VIGILANTE, wato bijilanti. Malamarmu ta ajin yamma ta taɓa gaya mana asalinsa mai sa ido ne, mai lura. Na zauna a ƙasa, na kare jaririyar da ƙirjina, na ce, "Sunanku masu dubawa, to ku duba. Ga katin asibiti, zan karanta muku."

Kin san karatuna, harafi bayan harafi da yatsa. Layi uku suka zame mini tafiyar yini. Wani ya ce, "Baba, kafin ka gama yarinyar ta yi haƙori." Aka ɗan yi dariya, amma mai dutsen bai yar ba. Ina kan layi na biyu autata ta ratso taron, tana dafe da ciki tana kuka, "Babana ne! 'Yata ce!"

Sai a lokacin mai dutsen ya yar, aka ba mu hanya.

Ku zo dukanku ku gan ta, har da surukan. Amma a ɗaki za ku gan ta, ba mai fita da ita ko tsakar gida.

Yayanki,
sabon kaka