Tambayar Fitilu

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan rigimarki. Ya jikin Inna? Ki tabbata tana shan maganin, kin san halinta.

Na iso sansanin horon lafiya. Mu talatin ne daga makarantu daban-daban, shida kawai za a ɗauka su tafi babbar gasar lissafi. Yaya, ashe a gida ne nake gwana. Nan ba a tambayar nawa ne amsa, sai dai ka tabbatar da hujja cewa abu kaza dole haka yake. Tambaya uku ake ba mu tun safe har rana ta take, kuma wanda ya warware ɗaya ma ana yi masa barka. Mai horar da mu muna kiransa Malam Me-ya-sa, don ko gaishe shi ka yi sai ka ji kamar zai nemi dalili.

Abokiyar ɗakina kuwa Tabarau muke ce mata. Takardarta kamar kaji sun yi dambe a kai: nan ta soke, can ta zagaye, ta ja kibiya zuwa bayan shafi. Ni da Baba ya rena a shagon rubuta alluna, inda ɗigon fenti ɗaya ke sa a wanke allo a sake, kallon takardar ma ciwon kai yake sa ni. Amma tana da kirki, sai dai minshari.

Ki gaida Baba. Ki roƙe shi ya daina gaya wa masu kawo aiki cewa na riga na ci.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Wannan ke kaɗai za ki karanta.

An yi jarrabawar zaɓe, sakamako ya fito. Ni ce ta bakwai, maki ɗaya ne tsakanina da Tabarau, wadda ta zo ta shida.

Bari in gaya miki tambayar ƙarshe, ko da yake na san za ki ce in rabu da ke. Fitilu casa'in da tara ne a jere sun yi da'ira, guda ɗaya ce a kunne. Duk wadda ka taɓa, ita da maƙwabtanta biyu sai su sauya, ta kunne ta mutu, matacciya ta kama. A nuna cewa ba yadda za a yi a kashe su duka. Can cikin tunani sai dabara ta zo mini in raba fitilun launi uku, ja, kore, shuɗi, a bi da bi. Na zana, na cika rabin shafi, ban ga inda hanyar ta ɓulla ba. Da aka ce lokaci ya kusa, na dubi shafin na ga shirme ne rabi da rabi, kunya ta kama ni a ce malamai su ga wannan da sunana a sama. Na sa abin gogewa na share shi tas, har na hure ɓurɓushin.

Malam ya kira ni ofishinsa. Ya ɗaga takardata wajen taga, sawun fensirin ya fito raɗau. Ya ce raba launin nan shi ne mabuɗin tambayar, maki biyu ake ba duk wanda ya rubuta shi ko bai ƙarasa ba, amma abin da aka goge ba ya cikin amsa. Tun farkon zuwanmu ya faɗa mana mu bar duk abin da muka gwada a kan takarda. Na ji shi sarai, hannuna ne bai ji ba. Ya tambaye ni me ya sa, karo na farko da na ga bai matsa sai an ba shi amsa ba.

Tabarau ta yi ta kuka tana ba ni haƙuri, ni na koma ina lallashinta. Ba ta zalunce ni ba, Yaya. Ita ta yarda a ga inda ta kasa, ni ban yarda ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan ji haushi.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da amsarki. Na ji kin ce in bar miki Baba, za ki ce masa tambayoyin ne suka fi ƙarfina. Don Allah kada ki faɗi haka, ba gaskiya ba ne.

Jiya ina haɗa kaya, motar su Tabarau ta riga ta tashi, sai na zauna a bakin katifa na sake zana da'irar. Duk taɓawa ɗaya tana sauya fitila ɗaya daga kowane launi, ba ƙari ba ragi. To launin da ya fara da guda a kunne ba zai taɓa daidaita da sauran biyun ba, don in yawan fitilunsa na kunne mara ne, nasu cika ne, in nasa cika ne, nasu mara, balle su zama sifili tare. Shi ke nan fa! Layi huɗu ne ya rage mini ranar. Ba mai dubawa, ba maki, amma daɗin da na ji har sai da na tsargu. Ina ganin ko ba gasa zan ci gaba da wannan abin.

Malam ya ce shekaruna sun ba ni damar dawowa baɗi. Ina so, amma sai Baba ya yarda, kuma ba na so ya yarda a kan labarin da aka gyara masa. Na soke wuri uku a shafin jiya kafin na dace, hannuna yana ta ƙaiƙayin in kwafe shi a sabuwar takarda. Ban kwafe ba. Da kaina zan miƙa shi ga Baba in na iso, ke dai ki zauna kusa da ni.

Ki gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta