Koren Ruwa a Gidan Datti

Shisha, Makka,
12 ga Shawwal, 1436.

Zuwa ga Yayata Raliya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Yaya jikin Sa'adiya? Na ji cewa ta fara cin tuwo har tana neman ƙari. Allah Ya saka miki da alheri bisa jinyar matata da kika ɗauka tun ranar da na turo ta Kano. Na rubuto ne ta hannun mai komowa daga Umra, domin maganar waya ba ta zama, ni kuwa ina son wannan ta zauna.

Akwai abin da ban faɗa wa Sa'adiya ba, ke ma kada ki faɗa mata tukuna. Kin san likita ya ce ciwon cikin da ya kusa hallaka ta daga ruwa ne. Na sami Datti, mai ginin da muke haya, Bahaushe haifaffen nan, na roƙe shi ya sa a duba hazzan, wato tankin ƙarƙashin ƙasa inda motar ruwa take juye mana ruwa. Har na kai masa wata ƙasida da aka raba a asibiti a kan tsabtar tankuna, na ja layi a ƙarƙashin wuraren da suka shafe mu. Ya karɓa ya yi fifita da ita.

Amsarsa sai ranar sunan jikansa a unguwar Zahir, a gaban duk Hausawan unguwa. Ina shiga ya ɗaga murya ya ce, "Ahlan, ga Malam Ƙasida! Ya jama'a, wai ruwana ne ya kwantar da iyalinsa. In mace ba ta iya wanke tukunya ba, sai a ce laifin gini ne?" Aka yi dariya, Yaya. Sa'adiya ce fa, wadda ko cokali ba ta miƙa wa baƙo sai ta ɗauraye shi da ruwan zafi. Lokacin tana kwance a gidanki ba ta iya ɗaga kai, shi kuwa yana kiranta ƙazama a kan tiren shinkafa.

Na gama cin abincina, na wanke hannu, na yi wa jariri addu'a. Amma tun daga wannan rana, sunan Datti yake biyo bakina ko ina tasbihi.

Na bincika na gano cewa akwai injiniyoyi masu lasisi da ake ɗauka su duba gida, sabo ko tsoho, tun daga tushe har rufi, su ba da rahoto mai hatimi. Na ɗauki ɗaya, Muhandis Abdulganiyyu. Ni Datti zai iya mayarwa abin dariya. Zan ga yadda zai yi da hatimi.

Ki gai da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Abdulhafiz.

Shisha, Makka,
8 ga Zulƙida, 1436.

Zuwa ga Yayata Raliya,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan damina tana tafiya lafiya, Sa'adiya kuma tana ƙara samun ƙarfi. Ki tabbatar ana tafasa mata ruwa, kada a ce ta warke a sake.

Muhandis ya zo. Mutum ne marar yawan magana. Ya bi sashena ɗaki-ɗaki da wata na'ura mai gano laima a cikin bango, ya ƙwanƙwasa tayil, ya leƙa bayan injin sanyaya ɗaki, ya ɗebi ruwan famfo a kwalba. Da muka sauko ƙasa ya ɗora na'urar a bangon da aka yi wa sabon fenti, sai ta yi ta kuka. Sa'an nan ya tsaya tsakanin murfin hazzan da murfin bayyara, ramin da ƙazantar bayi take taruwa, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce sun yi kusa ƙwarai. Sai dai ya ce shi ba ya sa hannu a kan zato. Akwai wani garin rini kore da za a zuba a masai. In bangon da ke tsakanin ramukan ya tsage, launin zai bi ya fito a ruwan sha.

Ga inda al'adar garin nan ta yi mini rana. Kin san a Shisha ana ba mu haya ne da sharaɗin mu tashi kafin Hajji. Kowa ya tara kayansa a ɗaki guda ya kulle, mai gida ya shafa fenti, ya jera gadaje, ya saukar da alhazai. Abin da Datti yake samu a wannan lokaci ya fi na sauran shekara duka. Maƙwabta sun riga sun tashi, ni kaɗai na rage, ruwan kwalba nake sha. Datti kuma ya sanar da ni in fita kafin Alhamis, domin ranar zai kawo wakilin wasu alhazan Nijar ya ga gini.

Muhandis ya ce ba zai zuba komai ba sai da yardar mai gida. Na tari Datti a ƙofar masallaci bayan La'asar, a gaban liman da wani tela, Mukhtaru, na yi masa bayani dalla-dalla. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce, "Ya shaikh, ka zuba ko baban rini ne, ka huta mu huta!" Na ce wa liman ya shaida, ya ce ya shaida. Yau da safe muka zuba. Ni na zaɓi ranar.

Yaya, ga abin da ke damuna. In ruwan ya fito fari, to, na sayo wa Datti hatimin da zai tabbatar da maganarsa a kan matata, kuma ba ni da sauran fuskar shiga Zahir. Ki yi mini addu'a.

Ƙaninki,
Abdulhafiz.

Zahir, Makka,
20 ga Zulƙida, 1436.

Zuwa ga Yayata Raliya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida, ina tambayar lafiyar yara. Wannan karon ki zaunar da Sa'adiya, ki fara karanta mata wasiƙun baya, sa'an nan wannan.

Har safiyar Alhamis ruwan famfo fari tas yake zuwa. Na yi ta tara shi a farin kofi ina ɗagawa a hasken taga har idona ya yi ciwo. Na kira Muhandis, ya ce ruwan da nake gani tsohon ruwa ne da ke tankin saman gini, ba za a san gaskiya ba sai an kunna injin da ke jawo na ƙasa. Mabuɗin ɗakin injin kuwa yana aljihun Datti.

Bayan Azahar sai ga shi da farar riga mai guga, tare da wakilin alhazai, Alhaji Issoufou. Ya gan ni zaune a kan akwatina a bakin matakala, ya ce, "Har yanzu Malam Ƙasida bai gama karatu ba?" Wakili ya tambayi ƙarfin ruwa, domin alhazai ba sa yafe ƙarancin ruwan alwala. Datti ya ce yanzu zai gani. Da hannunsa ya buɗe ɗakin inji ya kunna, ya bi hawa-hawa yana murɗa famfuna, ya bar su suna zuba, yana ta surutu. Na bi su a baya kamar mai rakiya.

A hawa na biyu Datti ya naɗe hannun riga, ya tara tafinsa zai kurkure baki. Ruwan ya zo kore shar, Yaya, kamar an matse ganyen zogale. Ya fantsama a gaban farar rigar. Ya tsaya da ruwan a tafin hannu ya kasa zubarwa. Alhaji Issoufou ya juyo ya ce mini, "Malam, mine ne wannan?" Na faɗa masa inda aka zuba rinin, da hanyar da ya biyo. Ban ƙara ba, ban rage ba. Alhajin ya saka takalmansa ya sauka.

Kashegari Datti ya same ni a masallaci, a gaban liman. Ranar ba ni ne Malam Ƙasida ba, na zama "ya ustaz", na zama ɗan'uwa. Ya roƙi in riƙe rahoton har bayan Hajji, domin in ya isa hukuma za a dakatar da izininsa na saukar da alhazai. Na ce ya fara komawa inda ya yi maganar ya janye ta. Ya je. A majalisar Zahir, a gaban waɗanda suka yi dariyar, ya miƙe ya ce Sa'adiya mace ce mai tsabta, shi ne ya yi mata ƙarya, ruwansa ne ya kwantar da ita. Na ce na baya ba su ji ba. Ya maimaita.

Ya zaci ciniki muka yi. Na ce ya janye, ban ce zan riƙe komai ba, liman ma ya tuna lafazina. Ranar Lahadi na kai rahoton da hatiminsa. Zan iya ce miki don alhazai na yi, kuma gaskiya ne ba zan bari baƙin Allah su sha abin da matata ta sha ba. Amma ke Yayata ce: da na miƙa shi, fuskar Datti nake gani, kuma na ji daɗi. Bana babu alhaji ko ɗaya a gininsa. Jiya na bi ta wurin, ma'aikata suna fasa hazzan, shi yana tsaye a rana.

Na sami ɗaki a Zahir. Kafin in biya na sa Muhandis ya duba shi.

Mai kawo wasiƙar nan zai ba ki wata ƙaramar kwalba da na cika da koren ruwan nan, na naɗe bakinta da leda na ɗaure. Tsarabar Sa'adiya ce, ta ajiye inda za ta riƙa ganinta. Don Allah ki gargaɗi yara da masu zuwa dubiya: daga Makka ta fito, amma ba zamzam ba ne.

Ƙaninki,
Abdulhafiz.