Sun Ɗaure Mini Labari a Ƙasan Shafi

Litinin, 3 ga Maris
Jikana mai karatun tarihi, wanda nake tsokana da Ango, ya kawo littafin digirinsa a kan yajin aikin masaƙa. Ya nuna mini wasu 'yan mitsi-mitsin rubutu can ƙasan shafi, kamar kashin ƙuda. Wai nan ake faɗin a bakin wa aka ji magana. Ga sunana, ga ranar da ya ɗauki muryata. Na ce, "Ango, duk faɗin gidan nan ba ka samar mini wuri ba sai ƙarƙashin gado?" Ya yi dariya, ni ma na yi, don ban karanta saman ba tukuna.

Alhamis, 6 ga Maris
Na sa tabarau na karanta saman. Wai da 'yan sanda suka iso, kakansu, mijina marigayi, ya haura katanga ya gudo gida ba takalmi. Ga wata 'yar lamba a ƙarshen maganar, ta sauko ƙasa tana nuna ni da yatsa.

To, na faɗa. Amma ranar haƙori ke damuna, kuma wani tsohon haushin mutumin ya taso mini. Tun uwar yaron nan tana goye nake ba da labarin. Ran da nake kewarsa, shi ya datse ƙofar masaƙa ya tsaya a gaba. Ran da nake jin haushinsa, gudu ya yi. Duka biyun kuwa ya yi: ya tsaya da safe, ya ranta a na kare da la'asar.

Asabar, 15 ga Maris
Na ce ya dawo da na'urarsa in ba shi na safen. "Kaka, an duba, an sa hannu. Madogara ba ta canja magana." Na ce ga madogarar nan zaune gabanka tana canjawa. Wai sai dai in wani zai shaida tsayuwar. Wa? Duk 'yan masaƙar suna kwance inda kakanka yake kwance. In je in tono maka su?

Lahadi, 16 ga Maris
Ya kawo mini lemo. Na miƙa wa uwarsa.

Laraba, 26 ga Maris
Ƙanana sun taru bayan makaranta, sai "Kaka, labarin masaƙa!" Na ɗauko da daɗinsa, har na kai marigayi bakin ƙofa, ƙirji a buɗe, sai autar ɗiyata ta ɗaga hannu kamar a aji. "Ba haka ba ne, gudu ya yi. Yaya ya nuna mana." Na ce, ja'ira, shi yayan naki wa ya gaya masa? "Ke mana. Har da kwanan wata." Suka kwashe da dariya. Da ni nake sa su dariya, yau ni ake wa. Da bakina aka ƙaryata ni a tsakar ɗakina.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Sun sake nema. Na ce maƙogwaro ke mini ciwo, suka nace, na ba su. Labarin ya fito gajere. 'Yan sanda suka zo, ya haura katanga, ya iso gida da ƙaya a ƙafa. Ba wanda ya katse ni. Sai da suka watse na lura ko bakin ƙofar ban kai shi ba.

Gajiya ce, ba wani abu ba. Shi ma ai bai taɓa son tsayuwa a rana ba.