Hular da Ka Kayar da Ni a Kanta

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, kai da takarda ba ta wuce ka ba ka sa mata jan biro ba.

Muna nan unguwar Madinat Nasr a Masar. Inna ta bugo daga Damagaram, ta ce gara ta cinye rabin ƙamus ɗinka na Faransanci. Jikokinka biyu sai Larabcin Masar. In na yi musu Hausa, su ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri.

Ka tuna diktar nan, wato shifta, da ka yi mana a makarantarmu ta lakkol, wadda za ta fitar da ɗalibi ɗaya ya tafi karatu waje? Na rubuta maître, wato malami, na manta 'yar hular da ke kan harafin i. Ka cire mini maki, ɗan maƙwabcinmu ya tafi. Ka ce dattawan Paris masu tsaron harshen ne suka kafa doka, ba ka isa ka ɗaga wa 'yarka ƙafa ba. Tun ranar ban ƙara yi maka hira ba, sai gaisuwa. Da kana jinya na ce ban samu jirgi ba. Ƙarya na yi, Baba. Ban nema ba.

Yanzu ina koya wa wata yarinya Faransanci a Zamalek. Makon jiya ta rubuta kalmar nan ba hula, na ja mata jan layi kamar yadda ka koya mini. Uwarta ta buɗe mini littafin makarantarsu. Ashe dattawan nan sun yarda a bar hular tun ina goye. Na fito na shiga motar komawa gida.

Ka sani ka ɓoye? Ko labarin ne bai iso ajinka ba? Shekara talatin kana yi musu gadi, ba su san akwai ka ba. Wa zan kai ƙara? Su ba su san an yi ba, kai kuma ƙasa ta rufe ka.

Na so in ce na yafe, sai na rasa wanda ya yi laifin. Ni ce dai ban zo ba.

Allah Ya haskaka kabarinka. Ka huta.

'Yarka da ba ta zo ba,
Rabi