Abin da Zomo Ya Zaɓa

Zuwa ga mijina Milud, Baban Yamna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, aikin gonar Turawan kuma bai karya maka baya ba. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai har yau sama ba ta zubo ko ɗigo ba.

Zomaye sun dame mu. Tazargaden da muke tanadar wa tumaki don hunturu suke yi wa aski, kuma ka san halinsu, ba sa taɓa mai tsananin ɗaci, sai mai laushin nan da tumaki ma suka fi so. Ƙaninka Kaddur yana ta cika baki wai zai yi maganinsu. Na ce masa, “Kai da ko kaza ba ka iya kamawa?” Bai yi dariya ba.

Yamna na fama da ciwon ciki. Gobe zan tsinko mata tazargade yadda Inna, mahaifiyarka, ta koya mini: a nemi gindin da zomo ya gutsura, shi ne marar kaifi, shi ake dafa wa yara. Ƙanwarka Fatna za ta tashi da tantinta zuwa kudu neman ciyawa, zan ƙulla mata nata saboda jaririnta.

Taka har kullum,
Mbarka

Baban Yamna,

Ina gaishe ka, Allah ya sa kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a gurguje nake yinsa.

Muna asibitin gari. Yamna ta sha ruwan tazargaden, kafin la'asar tana amai, bakinta na kumfa. Ina rungume da ita Kaddur ya shigo, ya ga ragowar ganyen a tukunya, ya tambaye ni inda na tsinko. Da na faɗa masa sai ya saka salati, ya gaya mini abin da ya aikata. Ashe guba ya barbaɗa wa zomayen, kuma gindin da suka gutsura ya bi ɗaya bayan ɗaya, don nan za su dawo. Bai gaya wa kowa ba. Shi namiji ne, bai taɓa sanin yadda muke zaɓen na yara ba.

Likita ta ce Yamna za ta tashi. Ɗazu har ta nemi ruwa.

Amma Fatna ta tafi tun kafin wannan, kuma inda suka nufa waya ba ta shiga. Kaddur ya bi sawun motarsu a babur, har yanzu shiru. Inna ba ta zagi kowa ba, carbi kawai take ja, wannan ya fi tsorata ni.

Ina jin tsoro, Milud. Jaririn nan ko yaye shi ba a yi ba. Ni na ƙulla mata ganyen a bakin mayafinta, na ce kada ta yi wasa da ba shi, don na zaɓo masa wanda zomo ya fi so.

Ka yi mana addu'a.

Matarka,
Mbarka